Tukuicin Hajiya Fanna

Duk wanda ya zauna a lungun su Hajiya Fanna a Zaitawa ya san halinta guda biyu: ba a kawo mata saƙo a fita hannu rabbana, kuma abin da ya bar hannunta ya bar shi ke nan har abada. Mijinta Malam Ari, mai sayar da huluna a Kasuwar Kurmi, yakan ce ba don gidan na gado ba ne, da tuni ta ba da shi tukuici sun koma kwana a rumfa. Ita kuwa takan ce masa ai ba a Kano ta koyi wannan ba, daga Bama ta taho da shi, a nonon uwa ta sha.

Uwar tata, wadda kowa ke kira Ya Kaka, ita ce damuwar gidan a shekarar nan ta dubu biyu da sha huɗu. Tun ƙarshen damina da masu bindiga suka shiga Bama babu wanda ya sake jin ɗuriyarta. Wayar maƙwabcin da ake samunta ta ciki ta daina shiga. Cikin waɗanda suka tsira da ƙafa zuwa Maiduguri, wani ya ce ya gan ta zaune a ƙofar gida, wani ya ce a'a, an goya ta an nufi daji. Malam Ari kullum sai ya tambayi dillalan hula, tunda hajarsa daga can take zuwa, to su ma masu ɗinkin sun watse, kowa ta kansa yake yi.

Abin da ya rage wa Fanna ɗan bidiyo ne guda. Shekarun baya an yi bikin Aisa, 'yar ƙanwarta, a Bama, ciwon gwiwa ya hana ta zuwa, sai 'yarta Husaina ta je ta ɗauko mata tsohuwar a waya tana magana. Wayar ta daɗe da faɗawa rijiya, amma kafin nan Husaina ta zuba bidiyon a kwamfutar gidan, kuma ban da nan babu inda yake a duniya.

Kwamfutar tsohuwa ce tukuf, irin mai Windos, da ƙaton gilashi kamar talabijin a kan tebur da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashi. Fanna ba ta yi boko ba, amma hannunta ya haddace hanya. In an kawo wuta sai ta danna maɓallin akwati, ta danna na gilashi, ta je ta ɗora ruwan shayi, domin kafin abar ta gama miƙa ta farka ruwa ya tafasa. In ta dawo sai ta tarar da koren fili da shuɗin sama, ta ja mawus, ɗan abin nan mai wutsiya, zuwa kusurwar sama ta danna. Sai ga Ya Kaka a kan tabarma, kasko na hayaƙin turare a gabanta, tana nuna mai ɗauka da yatsa, tana faɗa tana dariya. Da can Fanna sai ta bushi iska take kallo. Tun da Bama ta faɗi kuwa, ba ta iya cin abincin rana sai ta ga fuskar nan.

A wurinta lamarin a bayyane yake. Ya Kaka a cikin gilashi take, tunda a nan take fitowa. Akwatin ƙasa kuwa, mai gurnani da zafi, ai sitabilaiza ne, irin wanda ake sa wa firji don kada wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone shi. Ba shi ake fara kunnawa ba? Ba ta taɓa tambaya ba, don mutum ba ya tambayar abin da ya sani.

Husaina, wadda ke aiki a Abuja, ita ta ga lokacin canji ya yi. Ta ce masu wannan tsohuwar Windos ɗin ma sun daina kula da ita, ga shi wuta ta zama sai an ga dama, gara mai batir wadda za su riƙa ganin juna in suna magana. Ta sayi irin tata, mai tambarin tuffa, wadda ake ce wa Mak. A waya ta ja wa uwar kunne cewa kada a taɓa tsohuwar sai ta zo ran Juma'a ta kwashe abin da ke ciki. Fanna ta ce ba dai wadda Ya Kaka ke ciki ba? Husaina ta ce ita fa. Fanna ta ce ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba.

Wadda ta kawo saƙon ran Litinin Binta ce, maƙwabciyarsu ta katanga ɗaya, Bafulatana, wadda ta je Abuja duba jika. Tun suna amare suke tare, kuma tun lokacin ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokanar nan ta Fulani da Barebari ba. Ta shigo tana jan ƙafa, ta dire kwali a tabarma, ta ce a ba ta ruwa kafin ta mutu a gidan bayinta. Ta ba da labarin yadda ta rungumo kwalin a cinya tun daga tasha, yadda a kowane shingen bincike sai an sauke su an ce ta buɗe, ta ɗaga abin sama kamar mai tallar tire. Wani soja ma ya ce ta kunna ya gani, ta ce masa ɗana, ni ko rediyo jikana ke kama mini tasha.

Da aka zare kwamfutar daga kwali, siririya kamar faranti, Binta ta ƙura wa tambarin ido ta ce ashe saura aka sayar wa Husaina, ga shi wani ya riga ya gutsura. Fanna ta ce in ma an gutsura, a hanya aka gutsura, kuma ta san wanda aka ba riƙo.

Suna dariya, amma zuciyar Fanna na can tana neman abin da ya dace. Matar da ta sha wannan wuya ba a sallame ta da goro da turare ba. Can cikin hira Binta ta yi ƙorafin firjinta, wai tun da sitabilaizansa ya ƙone take kashe shi da an kawo wuta, tsoro take ji. Fanna ta ji kamar an sosa mata inda ke ƙaiƙayi. Sabuwar kwamfuta da batirinta ta zo, gilashin Ya Kaka kuwa ana iya jona shi da na firjinsu kafin Juma'a. Ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ta zare wayoyin bayan akwatin, ta goge shi da tsumma, ta ce ga tukuici. Binta ta yi ta a'a, ya yi yawa, Fanna ta ce in ta ƙara cewa a'a to ta raina ta ne. Haka akwatin ya tsallake zaure a kan Binta, an yi masa gammo da ɗankwali.

Da la'asar aka kawo wuta. Fanna ta jona gilashin, ta danna, ta je ta ɗora shayi. Ta dawo ta tarar da baƙi ƙirin, sai wasu 'yan rubutu na yawo daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta ce ƙarfin wuta ne bai kai ba, ta jira. Ta kashe ta kunna. Ta shafa gefensa kamar mai lallashin yaro. Da magariba ta kawo kai ta kira Husaina ta ce gilashin ya ƙi sabon sitabilaiza.

Husaina ta katse ta da tambaya.

"Umma, ina akwatin ƙasa?"

"Na ba Binta tukuici. Gilashin dai yana nan, ban bari an taɓa ba."

"Umma, gilashin taga ce kawai. Ya Kaka tana cikin akwatin."

Fanna ta zauna a bakin gado. Ta daɗe ba ta ji tsoro irin wannan ba, har da ranar da bama-bamai suka tashi a gari ta kwana ba ta san inda Malam yake ba. Uwarta ta ɓace a Bama ba da hannunta ba, yanzu kuma ga shi ita da kanta ta naɗa wa wata gammo ta ɗora mata ita a ka.

Husaina ta ce abin ai mai sauƙi ne, katanga ɗaya ce, a je a karɓo. Nan fa ake yin ta. Fanna ta ce ba ita ba, tukuici ba ya dawowa, ba a taɓa yi a gidansu ba kuma ba za a fara a kanta ba. Husaina ta ce to ita za ta kira Gambo, ɗan Binta, ta yi masa bayani. Fanna ta ce in ta kira, ba ta yafe nonon da ta sha ba. Husaina ta san uwarta, ta bar maganar.

Malam Ari da ya dawo kasuwa ya ji, sai ya ce shi dama ya daɗe yana zargin akwatin nan ya fi ƙarfin sitabilaiza. Fanna ta dube shi ta ce shekara nawa yana ɗora takalmansa a kai bai faɗa ba? Ya gyara murya ya koma fagen da ya fi sani. Ya ce gaskiya ne an kwatanta mai karɓe kyautarsa da kare mai komawa amansa, amma wannan kuskure ne, kuma ba a kama bawa da kuskure, ko gaban wane malami aka je haka zai ce. Ta ce fatawa ta malamai ce, kunya kuwa tata ce, in ta tsaya a gaban Binta ba malamin ne zai buɗe baki ba. Ya ce to shi zai je. Ta ce in ya je, gobe ya nemi mai dafa masa shayi. Malam Ari mutum ne mai son zaman lafiya da shayi, ya ɗauki butarsa ya fita.

Washegari Fanna ta buɗe sabuwar, ko Allah zai sa. Husaina ta bi da ita a waya daki-daki, har fuskarta ta fito a ciki tana ɗaga hannu. Fanna ta ji daɗin ganin 'yarta, amma abar ba ta kwanta mata ba. Babu koren fili. Babu mawus, sai wani ɗan dandali da ake shafawa da yatsa, in ta shafa kibiyar ta tsere can, in ta bi ta ta ɓuya. Abin rufe shafi da ta saba samu a dama, a nan yana hagu, ta ce ko wanda ya ƙera ta bahago ne. Har saurin farkawarta haushi ya ba ta, kafin ka ce bismillah ta buɗe ido, ruwan shayi ko ɗumi bai yi ba. Ta kai yatsa kusurwar sama inda Ya Kaka take zama, ta danna, ta sake dannawa. Babu kowa a wurin. Ta rufe ta, ta lulluɓe da ƙyallen da take rufe tsohuwar, ranar ba ta ci abincin rana ba.

Ran Laraba ta kasa daurewa, ta yafa mayafi ta shiga gidan Binta, wai ta zo yi mata ban gajiya. A ranta ta shirya cewa in ta ga akwatin a gindin firji, za ta ce a ara mata shi kwana biyu, aro ai ba karɓewa ba ne. Ta duba gindin firji, babu komai sai tsintsiya.

Binta ta dama mata fura, ta zauna tana ba ta labari tana dariya har da hawaye. Wai ashe su biyun duka 'yan ƙauye ne. Gambo da ya dawo daga Islamiyyar da yake koyarwa ya tarar tana neman inda za ta soka wayar firji, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce wannan ai kwamfuta ce sukutum. Ya ce dama makarantarsu na neman ta buga jarrabawa, gobe Alhamis ba karatu, zai aro gilashi ya wanke ta tas, ya share duk tarkacen da ke ciki, ta koma sabuwa. Binta ta ce yaron nan tun shekaranjiya yake sa wa Fanna albarka, har ya faɗa wa shugaban makaranta, an ce yara za su yi mata addu'a.

Fanna ta riƙe ludayi. Maganar ta zo mata har baki. Ta dubi fuskar Binta, fuskar mutumin da aka yi wa alheri yana murna da shi, sai ta haɗiye ta da fura. Ta ce Allah ya sa a amfana, ta ce furar ta yi tsami irin na Fulani, ta tashi ta fito. A zaure ta tsaya ta dafa bango, sai da ta goge ido sannan ta fita lungu.

Ran Alhamis da hantsi tana zaune a tsakar gida, faifan tsintar shinkafa a hannu amma ba ta tsinci ko tsakuwa ɗaya ba, sai ta ji sallamar Binta, irin sallamar da ke cewa akwai magana. Bayanta ga Gambo, ƙato da shi da gemunsa, rungume da akwatin, yana sunkuyar da kai.

Binta ba ta zauna ba. Ta ce tana shara ta ji wata tsohuwa ta cika mata gida da Barbarci, ta leƙa ɗakin Gambo ta ga ko wace ce. Ashe kafin ya wanke ya ga abu guda a kusurwa, ya ce bari ya duba. Binta ta san fuskar, ta san muryar, tun zuwan Ya Kaka sunan Husaina, lokacin da ta kwana bakwai tana koya musu haɗa turare tana zagin hancin Fulani.

"Jiya kika zo gidana, kika sha furata, kika tashi da wannan a cikinki?" in ji Binta. "Shekara talatin, Fanna. Ashe ni baƙuwa ce."

Fanna ta ce, murya ƙasa-ƙasa, kyauta ce ta riga ta bayar.

"Kin bayar, na karɓa, kuma ba zan mayar ba ko za ki yi birgima. Akwatin nawa ne. Amma tsohuwar da ke ciki ba ki ba ni ita ba, ni kuma ba ni da abin ciyar da Babarbariya. Ki ɗauki uwarki."

Fanna ta dubi akwatin. Ta nemi inda maganar ta karya al'ada ta rasa. Sai kawai ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, Binta ta zauna kusa da ita tana ce mata ta yi a hankali kada ta jiƙa shinkafar mutane.

Gambo ya shiga ɗaki ya mayar da wayoyin akwatin jikin gilashinsa, aka yi sa'a akwai wuta. Ya kwafe bidiyon a filas, ɗan abin nan kamar ɗan yatsa, ya soka a sabuwar. Da farko ta ƙi buɗewa, ya ce yarensu ne ba ɗaya ba, sai an sa mata tafinta. Ya kira Husaina, suka yi ta turancinsu, ya sauko da abin da ake bukata. Fanna na tsaye a kansa, ta ce ya ajiye mata ita a kusurwar sama, inda ta saba zama, kada a canza wa tsohuwa wuri.

Binta daga bakin ƙofa ta ce to ita fa ta kawo saƙo, ina tukuicinta? Fanna ta nuna ƙaton gilashin ta ce a haɗa da shi, da mawus ɗin, da allon rubutun, yara su buga jarrabawa. Binta ta ce a dai duba da kyau, kada gobe a ce akwai wani kawu a ciki. Gambo ya rantse mata babu kowa.

Da ya ce an gama, ya kai hannu zai danna, Fanna ta ce ya dakata. Ta fita ta ɗebo garwashi a kasko, ta buɗe kwalbar turaren da take ɓoyo, ragowar wanda Ya Kaka ta aiko mata da Husaina a bikin nan, ta barbaɗa kaɗan. Ba a shigar da baƙo sabon ɗaki ba hayaƙi. Sannan ta zauna, ta ɗora yatsa a kan ɗan dandalin, ta bi kibiyar a hankali har ta kai ta kusurwa, ta danna da kanta.

Sai ga Ya Kaka a kan tabarma. A wannan gilashin ta fi fitowa, har Fanna ta ga lallen da ke farcen yatsan da take nunawa da shi, abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Tsohuwar ta yi faɗanta, ta yi dariyarta, ta ƙara wata magana tana kaɗa kai, bidiyon ya ƙare.

Binta, wadda zaman shekara talatin bai koya mata Barbarci ba sai na zagi, ta tambaya me take cewa ne haka.

Fanna ba ta ɗauke ido daga fuskar ba.

"Cewa take na ƙi zuwa, na fake da gwiwa. Ta ce ba komai, tunda ni ban je ba, ita za ta zo. In share mata ɗaki."

Gambo ya sunkuya ya shiga naɗe wayoyi. Binta ta dubi ƙaramin ɗakin da ke kusa da rijiya, wanda tun zuwanta lungun nan ta san shi cike da buhuna da tsofaffin tukwane. Yau ta lura an kwashe su, an shafe ƙasan, ga sabuwar tabarma a jingine da bango, ga buta a bakin ƙofa. Ba ta tambayi tun yaushe ba. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani, ta ce tabarma kaɗai ba ta isa tsohon ƙashi ba, akwai katifa a ɗakinta da ba a kwana a kai, yanzu Gambo zai kawo.

"Kuma wannan aro ne," in ji ta. "In ta zo ta huta, ina son abata."